Tsagar da Ido Bai Gani

A Gdansk, a saman shagon mai gyaran raga,
inda taga ke kallon ƙugiyoyin tashar jirage,
na buɗe kwamfuta gaban Bogumila Rutka
ina taƙama da aikin kwana tara.

Ga shafin kamfaninki, na ce.
Ga maza uku da hular kwano fara fat,
haƙora a waje, hannu ba ɗigon baƙin mai.
Ga rubutu ɓaro-ɓaro: Babu kamarmu a Turai.

Ta gyara tabarau. Ta daɗe.
Shayinta ya huce ba ta kurɓa ba.
Su wane ne waɗannan?
Na ce hoto ne, saye ake yi.
Ta ce, mayar wa mai su.
Gobe ƙarfe biyar ka zo, da takalmin kirki.

Asuba, iskar teku na yankan kunne,
muka shiga ƙarƙashin wani jirgi
da aka kwantar bisa tudu kamar majinyaci.
Ta shafa mai a kan ɗinkin walda,
ta ɗora wani abu bai fi kwalin ashana ba,
tana jan sa sannu, kamar ungozoma a kan ciki.
Sautin da kunnena bai ji ba ya nutse cikin ƙarfe,
ya dawo ya zana tsauni a ɗan allonta.

Nan, ta ce, ta kewaye wurin da alli rawaya.
Na duba, na sake dubawa,
sumul, ko ƙwarzane babu.
Tana ciki, siririya kamar gashin gira.
Ba mu fasa ba, ba mu yanka ba,
tambaya muka yi, ƙarfe ya amsa.
Mutum goma sha tara za su kwana bayan wannan bango
a tsakiyar ruwa, cikin Janairu.

Mai jirgi ya zo yana kumfar baki,
kowace rana a tudu asara ce.
Ta sa hannu a takarda, ta miƙa masa,
ko murya ba ta ɗaga ba.

Da na koma, na share mazan nan uku.
Na sa Leszek da tabon ƙuna a wuyan hannu,
na sa Halina tana ɗaga hoton bututu ga fitila
kamar likita da hoton ƙashi.
Lambar takardar shaidar kowa, da ranar ƙarewarta.
Ranar da aka auna kowace na'ura.
Adireshi, har da shagon ragar da ke ƙasa,
da lambar wayar da mutum ke ɗauka.

Ta karanta tana bin layi da yatsa
yadda take bin walda.
A wuri ɗaya yatsan ya tsaya cak:
Muna kowane irin gwaji.
Nan akwai rami, ta ce.
Ba ma nutso, aikin ƙarƙashin ruwa ba namu ba ne.
Rubuta haka, ka sa sunan waɗanda suka iya.
Na ce, ai kasuwa za mu kora.
Ta ce, yaro, me kake zaton nake sayarwa?
Ba ni da haja sai kalma biyu,
lafiya, da ba lafiya ba.
In ɗaya ta tsage, ɗayar ma ta tafi.

Mako uku shiru.
Na fara lissafin ko za a biya ni.
Ran Talata da la'asar waya ta yi ƙara,
wani mai tankunan mai ne daga Klaipeda.
Na ga kun faɗi abin da ba ku yi, in ji shi,
shi ya sa nake so ku duba mini abin da kuke yi.

Ta juya bayan ambulan tana neman biro.
Na miƙa mata nawa.
A hannun rigata na ga sauran alli rawaya,
na ɗaga hannu zan kakkaɓe,
na fasa.